Mustang, Nova ko Duster: wacce sabon shiga mai ƙaramin ƙarfi zai iya tayarwa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi a Amurka da hantsin Asabar, wata tsohuwar mota ta gifta shi tana rugugi kamar hadari ya taso daga gabas, ya san yadda sha'awar nan take shiga zuciya. Amurkawa na yi wa irin waɗannan motoci laƙabi da masu ƙwanji: bodi matsakaici, ƙofa biyu, injin fulogi takwas wanda asali na babbar mota ne, ƙarfin kuma tayoyin baya yake zuwa. Yawanci daga Pontiac GTO ta 1964 ake fara lissafinsu. Zamaninsu bai wuce shekara goma ba, domin dokar tsabtace iska ta 1970, da tsadar inshora a kan matasa, da takunkumin man fetur na 1973 sun taru sun durƙusar da shi. Abin da ya rage shi ne motocin kansu, wasu a gidajen masu kuɗi suna ƙyalli, wasu a bayan gida ciyawa ta tsiro ta cikinsu.

Wanda nake wa magana shi ne mai albashi ko mai tuƙin haya da ya tara 'yan daloli, yana da gareji ko wani fili a gefen gida, bai taɓa kwance inji ba, amma yana son ya tayar da ɗaya da hannunsa. Da farko ka cire rai daga waɗanda ake liƙa hotunansu a bango. Dodge Charger ta 1968 zuwa 1970, da Chevelle SS 454 ta 1970, da duk wata mai injin Hemi, wato babban injin nan mai ƙarfi na kamfanin Chrysler, sun daɗe da barin hannun talaka. A 2014 an yi gwanjon wata Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi a Seattle a kan dala miliyan 3.5. Ko gawarsu ka samu, kuɗinta ya fi na lafiyayyar mota a cikin ukun da zan kawo: Ford Mustang ta 1965 zuwa 1968, Chevrolet Nova ta 1968 zuwa 1974, da Plymouth Duster ta 1970 zuwa 1976 tare da 'yar uwarta Dodge Dart. Masu tsaurin ra'ayi za su ce Mustang ajinta daban, Nova da Duster kuma motocin cefane ne aka ɗura wa babban inji. Gaskiya suka faɗa, kuma dalilin da ya sa har yanzu ana iya sayensu ke nan.

Akwai abu ɗaya da wanda ya taso a Kano ko Damagaram yake bukatar ya juya a kansa kafin ya taya kowace mota. A gida kayan gyara ne masu tsada, aikin hannu kuma da sauƙi: mai walda da fanel bita za su yi kwana uku a kan mota su karɓi abin da bai taka kara ya karya ba. A Amurka lissafin a juye yake. Ƙarfen da za a liƙa yana da araha, za a kawo maka shi har ƙofar gida a kwali, amma mai liƙa shi da awa yake caji, kuma aikin tsatsa awanni yake ci ba kaɗan ba. Shi ya sa ma'aunina na farko a kan kowace mota tsatsa ce, na biyu sauƙin samun kaya, inji kuma sai a na uku. Mataccen inji ana ciro shi a ɗora wani a Asabar da Lahadi biyu. Ruɓaɓɓen bodi kuwa shi ne tsalle ɗayan nan da ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.

Mustang

An fito da ita ranar 17 ga Afrilu 1964 a baje kolin duniya na New York, a kan dala 2,368, kuma kafin ta cika shekara biyu an sayar da miliyan ɗaya. A samfurin 1966 kaɗai an ƙera 607,568, kusan 500,000 daga ciki masu rufin ƙarfe ne da but a baya. Wannan adadi shi ne babban abin da ke gefenta. Saboda yawanta, kamfanoni irin su National Parts Depot da CJ Pony Parts suna sayar da kusan komai sabo: ƙasan mota, ƙofa, marfin fitila, rigar kujera, wayarin gaba ɗaya, har ƙananan sukurorin kayan ado. Kamfanin Dynacorn ma yana ƙera gangar jiki sabuwa fil ta wasu samfuran. Ga wanda bai san sunan abin da ya karye a hannunsa ba, wannan ba ƙaramar rahama ba ce, domin zai buɗe littafin kaya ya ga zanen abin da lambarsa. Haka kuma da wuya ka gamu da matsalar da wani bai riga ka gamuwa da ita ya ɗauki bidiyon gyaranta ba.

Mai rufin ƙarfe da but ita ce taka. Fastback, mai zubabben baya, da mai buɗaɗɗen rufi sun ninka ta kuɗi, alhali inji ɗaya ne, tuƙi ɗaya.

Aibinta a ɓoye yake. Mustang ba ta da shasi daban. Bodin ne shasin, an gina ta ne a kan tsarin Ford Falcon. A gindin gilashin gaba akwai wani rufaffen akwatin ƙarfe da iska ke bi ta shiga cikin mota. Ganye da ƙura na taruwa a ciki, ruwa ya kwanta, ƙarfen ya huje daga ciki inda ido ba ya kaiwa. Daga nan duk ruwan sama a ƙafar direba yake sauka, ya ci ƙasan mota, ya gangara ya ci dogayen ƙarafan da ke ɗauke da nauyin gaba. Gyaran wannan akwati sai an cire gilashi da fuka-fukan gaba, an huda ɗigon walda fiye da ɗari ɗaya bayan ɗaya. Na taɓa zuwa duba wata ja ta 1966, fentinta kamar a lasa. Na roƙi mai ita ya bar ni in zuba ruwan gora biyu a ragar da ke gaban gilashi, na leƙa ƙarƙashin sitiyari, sai ga ruwa yana ɗiga a kan kafet. Nan cinikin ya tsaya, kuma tun daga ranar ban sake zuwa duba Mustang babu gorar ruwa a hannuna ba.

Sai tarkon fulogi shida. Za ka ga mai injin lita 3.3 ta fi araha nesa, zuciya ta ce saya, daga baya a ɗora mata fulogi takwas. A samfurin 1965 da 1966 wannan sauyi ba inji kaɗai ba ne. Mai fulogi shida noti huɗu ke riƙe tayarta, mai takwas biyar. Birkinta ƙanana ne, aksul na baya ƙarami, sifirin da lagireto da wasu ƙarafan sitiyari duk daban. Kafin ka gama sauya su ka kashe fiye da bambancin da ka gudu. In kana son fulogi takwas, sayi wadda aka haifa da shi. Harafi na biyar a lambar shasi zai gaya maka gaskiya: T fulogi shida ne, C injin fulogi takwas ne da ake kira 289, mai ƙarfin doki 200, A shi ne 289 mai 225, K kuwa mai 271 ne, wanda ba na mai ƙaramin aljihu ba ne. Mai harafin C ta isa kowa. In kuma fulogi shida ta kwanta maka a rai, ka bar ta yadda take, inji ne mai haƙuri da sauƙin mai.

Abu biyu na tsaro ba zan tsallake ba. Kafin samfurin 1967 mastar birki layi ɗaya gare ta, bututu ɗaya ya fashe duk tayoyi huɗu sun rasa birki; sauya ta da mai layi biyu aiki ne mai araha, kuma shi ya kamata a fara yi. Sannan saman tankin mai shi ne daɓen but ɗin motar, babu komai tsakaninsa da kujerar baya sai kwali da soso, don haka masu hankali suna sa farantin ƙarfe a bayan kujerar.

Nova

Ita kuma ƙarfinta a inji yake. Ƙaramin injin fulogi takwas na Chevrolet ya fito tun 1955, kuma a 2011 kamfanin General Motors ya sanar da ƙera na miliyan 100 a zuriyarsa. An sa shi a motocin gida, da a-kori-kura, da motocin 'yan sanda, har da jiragen ruwa. Ma'anar wannan a aljihunka ita ce babu injin fulogi takwas da kayansa suka kai na 350, mai lita 5.7, araha da yawa a Amurka. Fistan, gasket, famfon ruwa, kafireta, kowane shagon kayan mota na unguwa yana da su ko ya kawo maka gobe. In injin Nova ɗinka ya buga, za ka sami na hannu a Facebook Marketplace ko Craigslist a garin da kake. Kuma saɓanin Mustang, ɗora fulogi takwas a Nova mai fulogi shida ba ya tayar da ƙura sosai, domin tayoyinta noti biyar ne tun asali, gurbin inji kuma da faɗi.

Tsarin jikinta ma yana taimakon ɗan koyo. Daga gilashin gaba zuwa baya bodi ne haɗaɗɗe, amma gaban wani guntun shasi ne da notoci ke riƙe da shi, irin tsarin motar Chevrolet Camaro ta 1967 zuwa 1969. Kana iya kwance shi ka turo shi waje da inji da tayoyin gaba, ka wanke, ka yi fenti, ka mayar. In ya ruɓe ko ya taɓa yin karo, sauya shi aikin sifana ne, babu walda. Kayan birki da na ƙafar gaba da yawa ɗaya suke da na Camaro, kuma Camaro na cikin motocin da aka fi yi wa kaya a duniya. Tsatsarta a gefen gilashin baya take farawa, ta sauka daɓen but da kumatun baya, sai wuraren da guntun shasin nan ya kama bodi da inda sifirin na baya yake maƙale. Waɗannan wurare ana ganinsu da tocila, ba sai an yi dabara ba.

To me ya hana ta zama ta ɗaya? Kuɗin saye. Masu tseren gajeren zango sun daɗe da gano cewa Nova ba ta da nauyi kuma tana karɓar kowane inji, don haka masu ƙofa biyu na 1968 zuwa 1972 sun yi tsada, da yawa kuma an yayyanka su, an cire kujeru da wayarin, an bar su rabi da rabi. Motar da wani ya fara ya gaji ita ce mafi wuyar sha'ani ga sabon shiga, domin ba ka san abin da ya ɓata ba, ba ka kuma ga yadda aka kwance ba balle ka san yadda za a mayar. Hanyar araha ita ce ta 1973 da 1974, masu manyan bamba da dokar gwamnati ta tilasta. Ba su kai na baya kyan fuska ba, kayan adon jikinsu ma ba su kai yawa ba, amma ƙarƙashinsu ɗaya ne. Ka kuma yi hattara da alamar SS, wadda ake sa wa samfurin mai ƙarfi: ana sayar da tambarin sabo, kowa na iya liƙawa. Ainihin SS 396 ta kai ƙarfin doki 375, kuma ba a sayar da ita a farashin ɗan koyo. Akwai 'yan uwanta na ciki ɗaya, Pontiac Ventura da Oldsmobile Omega da Buick Apollo, waɗanda sukan fi araha, sai dai in fitilarsu ko ragar gabansu ta fashe za ka sha yawo.

Duster da Dart

Ina da rauni a kan Duster, ba zan ɓoye ba. Gabanta na Plymouth Valiant ne, motar tsofaffi da malaman makaranta, aka yi mata sabon baya mai kumbura, sai ta fito da wani irin kwarjini. Duster 340 ta 1970, mai ƙarfin doki 275 a rubuce, ta sha kunyata motocin da suka fi ta girman inji. Wannan ta yi tsada yanzu, amma mai injin 318, lita 5.2, da mai fulogi shida ɗin nan da aka kishingiɗar gefe guda, lita 3.7, su ne suka fi sauƙin saye a cikin duk motocin da na ambata. Injinan biyu sun yi suna wajen ƙin mutuwa, giyabos ɗinsu mai sarrafa kansa, TorqueFlite, shi ma haka. Daga 1973 kuma wutarsu ta lantarki ce babu kontak, ciwon kai ɗaya ya ragu.

Sai dai araha ba ta ado. Abin da ka rage a wurin saye yana jiranka a wurin kaya. Kamfanin Auto Metal Direct yana buga ƙarafan bodinsu, wannan ya kawo sauƙi, amma ƙananan abubuwa, ragar gaba ta roba, adon gefen taga, marfin fitilar baya, allon mita, kowace shekara da nata, wasu kuma babu sabbi sam. Sai ka bi kasuwannin tsofaffin kaya irin wadda ake ci kowace shekara a Carlisle ta jihar Pennsylvania, ka saya a farashin da mai shi ya ga dama. Ko kayan injin 318 sun ɗara na 350 kuɗi. Saboda haka dokar Duster ɗaya ce: kada ka sayi wadda wani abu ya ɓace a jikinta. Gara mai dusasshen fenti da yagaggen kujera wadda komai nata yana wurinsa.

Gabanta ba sifirin mai naɗi ba ne, wasu dogayen sandunan ƙarfe ne da ke murɗewa, suna kafe a wani ƙarfe da ya gitta ƙarƙashin kujerar gaba. Nan za ka fara kai tocila da sukudireba. In wurin ya ruɓe, motar ba ta tuƙuwa lafiya, gyaran kuma na ƙwararren mai walda ne. Wani abu da yake kama baƙi: har zuwa 1970 notocin tayar gefen direba hagu ake ɗaure su, dama ake kwancewa. Mutane da yawa sun karya su suna zaton tsatsa ce ta riƙe. Sannan tazarar notocin taya kafin 1973 ƙarama ce, samun ƙafar taya mai kyau da birkin faifai yana da wuya, don haka ta 1973 zuwa sama mai birkin faifai tun daga kamfani ta fi wa ɗan koyo.

Wacce ke nan?

In ba ka taɓa riƙe sifana da niyyar gyara ba, Mustang mai rufin ƙarfe da injin 289 nake ba ka shawara, da sharaɗin ta ci jarrabawar ruwa. Dalilina shi ne duk kuskuren da za ka yi, kuma za ka yi da yawa, akwai sabon abu da za ka saya ka gyara shi, kuma in rayuwa ta juya ka bukaci kuɗinka, ita ce mai saye ba ya wuya. In kuwa abin da ya ja ka rugugin inji ne, kana mafarkin ƙara ƙarfi sannu a hankali, Nova ta fi, domin kowace dala da ka zuba a injinta ta fi yin nisa. Duster ta wanda ya yi sa'a ne ya tarar da cikakkiya a hannun dattijon da ya ajiye ta a inuwa. Amma duk wannan jeri yana rushewa a gaban tsatsa. Busasshiyar Duster daga Arizona ko Nevada ta fi Mustang da ta yi shekaru tana shan gishirin da ake zuba wa titunan Michigan da Ohio da New York lokacin ƙanƙara. In kana zaune a waɗannan jihohi, kuɗin ɗauko mota a tirela daga yamma ya fi kuɗin walda sauƙi.

Kada lambobin ƙarfin doki su ruɗe ka wajen zaɓen shekara. Daga 1972 aka sauya yadda ake awo, aka koma auna inji da duk kayansa a jiki, shi ya sa lambobin suka faɗi warwas a takarda fiye da yadda ƙarfin ya ragu a titi. Mazauna California kuma su lura cewa samfurin 1975 zuwa ƙasa ba ya zuwa gwajin hayaƙi, na 1976 yana zuwa, wannan kuma ya shafi Duster da Dart na shekarar ƙarshe.

Ranar dubawa ka tafi da tocila, da ɗan maganaɗisu naɗe a ƙyalle, da kwalin da za ka kwanta a kai. Inda maganaɗisu ya ƙi kama bodi, fila ce aka cusa a ƙarƙashin fenti. Ka gwada lambar shasi da ta takardar mallaka harafi da harafi. Waɗannan motoci sun girmi tsarin lamba 17 da aka fara a 1981, nasu gajeru ne, kuma dokar rajistar motar da ba ta da takarda ta bambanta daga jiha zuwa jiha, wani wuri sai ka yi watanni kana zarya. Ni ba na taya motar da babu takardar mallaka da sunan mai sayarwa a kai. Kuma kada kuɗin saye ya cinye fiye da rabin abin da ka tanada.

In ta iso gida, babban kuskuren da ke kashe irin wannan aiki shi ne a kwance ta gaba ɗaya a makon farko. Mota ta koma kwalaye hamsin, zafin nama ya huce, bayan shekara uku a sayar da ita a asara. Ka bar ta a haɗe. Fara da birki, sai taya ko da zanensu bai cinye ba, domin roba na tsufa. Sai tankin mai da duk tiyon roba, saboda man Amurka na yau yana da kashi 10 cikin ɗari na sinadarin etanol, wanda ke cin tsohuwar roba. Sai lagireto, sai wayarin da ɓera ya gaigaya. Wanda ya taɓa tsayawa a kan bakanike yana saita kafireta da kontak na Peugeot 504 ba zai ga baƙon abu a nan ba, tsarin ɗaya ne. Sifanunka na lamba 10 da 12 da 13 ne kawai ba za su yi ba, domin notocin waɗannan motoci da inci ake auna su, rabin inci da 9/16 su ne za su fi zama a hannunka. Baƙin mai ma ka nemi mai isasshen sinadarin zinki da ake yi don tsofaffin injina, na zamani an rage masa. Kada ka shiga ƙarƙashinta jak kaɗai yana riƙe da ita, sai ka kafa mata ƙafafun ƙarfe, kuma kada ka hure ƙurar tsohon birki da iska, tana iya ɗauke da asbestos. Fenti shi ne na ƙarshe, kuma yana iya jiran shekara biyu ko uku kana hawanta da dusasshen launinta kana tara kuɗinsa.